Daga Sakasaka: Madubin Aljihu Da Sikelin 'Yan Gwangwan

Maganar canjin sidi da sefa da na yi muku alkawari sai ta ɗan jira, domin akwai wata da ta tsaya mini a rai, in kuma na bari ta kwana biyu wani abin zai tafi inda ba ya dawowa.

Duk mazaunin Tamale ya san yaran nan masu tura kura suna bin lungu-lungu suna sayen tsohon ƙarfe. Daga nan Sakasaka zuwa Aboabo, zuwa Zango, babu ƙofar da ba su yi sallama ba. Sana'a ce, da yawansu ma 'ya'yanmu ne da suka zo ci-rani, ba ni da ta cewa a kansu. Sikelinsu ne dai bai san tarihi ba. A wurinsa tagulla tagulla ce, ko ta kan famfon da ya lalace, ko ta abin da wani bawan Allah ya riƙe shekara 50 yana neman abinci da shi. Yadda abin ke faruwa kuwa kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Dattijo ya rasu, an raba gida da kuɗi da kayan shago, sai a tarar da wani ɗan gwangwanin alewa a ƙasan adaka cike da tarkace: tsofaffin makullai, kwabo mai huji, maɓallan riga, kan alƙalami. Ba wanda ya sa shi a lissafi. A miƙa wa yara su yi wasa, bayan kwana uku ya hau sikeli. To a cikin irin wannan gwangwani ne ake samun abin da nake kira madubin aljihu.

Ga wanda bai san shi ba, ɗan gilashi ne mai ƙara wa abu girma, a cikin gidan tagulla ko ƙaho ko baƙar roba, wanda za ka iya rufewa a tafin hannunka. Ƙanen madubin likita ne, wancan da ake duba jini da shi a asibiti. Na 'yan yadi shi ne mai naɗewa gida uku. In ka buɗe shi sai ya tsaya da ƙafarsa a kan yadi, gilashi a sama, a ƙasa kuma 'yar taga mai kusurwa huɗu, inci ɗaya ko rabin inci, wani lokaci da zanen awo a gefenta. Na masu gyaran agogo kamar ɗan ƙaramin kofi yake, a maƙala shi a ido a bar hannu biyu suna aiki. Na 'yan zinari da duwatsu kuma zaro shi ake yi daga kubensa kamar wuƙar aljihu. Akwai wanda ba kasafai ake gamuwa da shi ba a ƙasashenmu, ɗan bututun tagulla kamar yatsa, wanda ake warwarewa a harhaɗa, har da ɗan madubin haska abu a gindinsa. Irin wannan Turawa sun yi ta ƙera shi a ƙarni na 19 saboda masu yawon daji suna duba furanni da ƙwari, shi ne kuma masu tara kayan tarihi a can suke rububi.

Ni yanzu ina da guda 17. Na farkon na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, na ƙirga zare, da shi ya yi fataucin yadi tsakanin Kano da Kumasi. Sauran ɗaya-ɗaya na tsince su cikin shekara ashirin da wani abu, wani a Zangon Kumasi, wani a Salaga, biyu a Kasuwar Kurmi, ɗaya a Lome wurin wani mai sayar da tsofaffin agogo. Uwargida tana kiran su 'ya'yan Alhaji, wai su kaɗai ne a gidan ba a zuwa karɓar kuɗin makarantarsu.

Abin da ya sa nake ganin abin nan namu ne, mu 'yan kasuwa, ba na likitoci kaɗai ba, shi ne mutumin da ya fara ganin ƙwayoyin cuta da idonsa a duniya ɗan yadi ne. Sunansa Antonie van Leeuwenhoek, in harshe ya ƙi ku ce Lewanhuk, ba zai yi fushi ba. An haife shi a 1632 a garin Delft na ƙasar Holan, ƙasar da atamfar Holan ke fitowa. Yana ɗan shekara 16 aka kai shi Amsterdam yaron shago wurin wani mai sayar da yadi, daga baya ya koma garinsu ya buɗe nasa. Bai yi jami'a ba, bai iya Latin ba, wanda shi ne harshen masana a lokacin. 'Yan yadin zamaninsa suna duba saƙa da gilashi kamar yadda mahaifina yake yi, shi kuma sai abin ya shiga ransa har ya koyi yin gilashin da kansa. Ƙwayar gilashinsa ba ta fi ƙwayar gero ba, ya maƙale ta tsakanin faranti biyu na tagulla ko azurfa da tsawonsu bai fi ɗan yatsa ba, da wani tsinke a baya inda ake ɗora abin da za a duba. Ke nan madubin aljihu ne na sosai. Amma mafi ƙarfi a cikin waɗanda suka rage yana ƙara girman abu fiye da sau 250.

Da wannan ɗan abu ya duba ruwan tafki a 1674 ya ga halittu suna iyo a ciki. A 1676 ya jiƙa barkono a ruwa, ya ga waɗanda suka fi waɗancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya tarar da su a can ma, rututu. Ya dinga rubuta wasiƙu da harshensu zuwa ga ƙungiyar masana ta Landan, Royal Society. Da farko ba su yarda ba, don wa zai yarda da mai shagon yadi da ya ce akwai dabbobi a cikin ɗigon ruwa? Sai da suka gwada suka gani, a 1680 suka sa shi cikinsu. Ya rasu a 1723 yana da shekara 90. Ya yi ɗaruruwan irin wannan madubi, amma waɗanda aka san suna nan yau ba su wuce goma da 'yan kai ba. Ina sauran? Tagulla ce da azurfa, ku da kanku kun san inda irinsu ke ƙarewa. Kafin shi da shekara ɗari shida, Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya riga ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir a kan yadda haske ke karyewa in ya ratsa gilashi. Ilmin ya daɗe yana yawo kafin ya faɗa hannun ɗan kasuwa.

Mu dawo kasuwa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai masu yin jabu su ma sun san karin maganar, don ido suke yi wa aiki. Shekarun baya in ka taɓa shadda ka san ta, ƙamshinta ma ya isa. Yanzu ana kwaikwayon sheƙin, ana kwaikwayon ƙamshin, ana kwaikwayon takardar da tambarin da ke bakin yadi. Getzner ta Ostiriya da Vlisco ta Holan da GTP ɗinmu ta nan Gana duk sun sha wannan. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne zaren kansa, domin a nan kuɗin yake. Ka ɗora madubin a kan yadi, ka sa bakin allura, ka ƙirga zaren tsaye nawa ne a cikin tagar, sannan na kwance nawa ne. Ba sai ka haddace wata lamba ba. Ka ajiye ƙyallen wanda ka tabbatar da shi, daga hannun da ka yarda da shi, ka dinga gwada sabon kaya da shi gefe da gefe. In sabon ya gaza da zare da yawa a inci ɗaya, ka san sitaci da guga ne suka cike gurbin, kuma wanki biyu zai tona.

Ba ƙirga kaɗai ba. Zaren auduga a ƙarƙashin gilashi yana da 'yan gashi-gashi, kamar abawar da iyayenmu mata ke kaɗawa. Na roba sumul yake, yana ƙyalli kamar igiyar kamun kifi. Zanen shadda ta gaskiya saƙa shi aka yi, za ka ga zare yana hawa kan zare yana yin furen. A atamfa kuma ka juya baya: wadda aka yi da kaki rini ya ratsa ta fuska biyu, ta bugu kuwa bayanta fari-fari ne, wani lokaci ma sai ka ga launin ɗigo-ɗigo ne a jere kamar hoton jarida. 'Yan'uwanmu masu sayen batakari don kai wa Kudu ko Nijeriya su ma su gwada. Ƙyallen da aka saƙa da hannu a Daboya ko Yendi, zarensa ba ya zama daidai wa daida, wani wuri kauri wani wuri siriri. Wanda inji ya yi aka yayyanka aka ɗinke kamar saƙar hannu, layinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe.

Yawancin mutane ba su iya riƙe shi ba, shi ya sa suke cewa ba ya nuna komai. Suna miƙa hannu can nesa kamar mai duba fuska. Gilashin ake kawowa dab da ido, har ya kusa taɓa gira, sannan a matso da abin da ake dubawa a hankali har ya fito. Ka jingina hannu da kumatu don kada ya yi rawa, ka bar ɗaya idon a buɗe, ka juya inda haske yake. Lissafin tazarar ma mai sauƙi ne: raba santimita 25 da lambar da ke jikin madubin. In an rubuta 10x, abin zai tsaya kamar santimita 2 da rabi daga gilashi. In 20x ne, rabin haka, ga duhu ga rawar hannu. Shi ya sa masu duwatsu masu daraja a duk duniya suka tsaya a kan 10x. Wanda ya zo maka da ɗan madubin roba an rubuta 60x a kwalinsa yana cika baki, ka bar shi da kayansa.

Mata kuma, wannan sashen naku ne. Kwanakin baya wata hajiya maƙwabciyarmu ta shigo da sarƙa da 'yan kunne da aka kawo mata talla, tana haɗa kayan auren 'yarta, ta riga ta ba da rabin kuɗi. Ta ce, “Alhaji, don Allah sa mini abin nan naka a kai kafin in cika musu.” A jikin maɗaurin an rubuta 18K, wannan kowa ya gani. Abin da ido bai gani ba shi ne wasu ƙananan haruffa biyu a gefensa, GP, ma'anarsu ruwan zinari aka shafa a kan wani ƙarfe. Na ce, “Hajiya, mai kayan bai ɓoye ba, ga shi ya rubuta, sai dai ya rubuta yadda ba za ki gani ba.” An yi ta ja-in-ja, amma kuɗinta sun dawo. Lambobin da ya kamata ku sani kaɗan ne: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21 wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, 916 karat 22, 925 kuwa azurfa ce. Lamba ana iya buga ta a kan komai, saboda haka ku duba inda sarƙa ke gogar juna, wajen maɗauri da tsakanin zobba. In shafe ne, a nan yake fara koɗewa, wani launi ya leƙo. Duk da haka madubi bai ɗauke muku zuwa wurin maƙerin zinari ya gwada da dutse da ruwan gwaji ba. Yana dai rage cinikin biri a sama.

'Yan hatsi na Aboabo, ƙwan ƙwaron wake a jikin ƙwayar yake manne, ɗan fari kamar ƙurar gari. Buhu yana iya zama ba huji ko ɗaya yau, bayan wata guda ya zama gari. Na goro kuma ku duba ɗan ramin da sankara ke shiga. Masu canji sun riga sun san ƙananan rubutun da ke jikin takardun kuɗi, wanda a ta gaskiya ke karantuwa tsaf, a jabu kuma ya dame.

Amma inda na ga wannan ɗan gilashi ya yi aikin da ya fi na kasuwa, a kan kurkunu ne. Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi. A 1989 an ƙirga mutum kusan 180,000 da ke ɗauke da shi a Gana, kuma nan Arewa ne ya fi daɗewa. Mutum ya sha ruwan dam ko na kududdufi, ba ya jin komai sai bayan kamar shekara guda, sannan ƙafa ta yi bororo, tsutsa fara mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta fara fitowa, a dinga naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Manomi ba gona, ɗan kasuwa ba kasuwa, yaro ba makaranta. Mutane da yawa ba su yarda daga ruwa ba ne. Wani ya ce a jini yake, wani ya ce jifa ne. Yaya za ka gamsar da dattijon da kakanninsa suka sha wannan ruwa cewa abin da ya sha bara shi ne ya kwantar da shi bana?

Na taɓa tsayawa a wani ƙauye a hanyar Savelugu lokacin da ma'aikatan lafiya suka ɗebo ruwan dam a kwalba, suka ɗaga ta a rana, suka miƙa wa mai gari gilashi. A ciki ga wasu 'yan ƙwari farare suna tsalle-tsalle, su ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar, mu kuma mu haɗiye su. Dattijon ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Aka tace ruwan da ƙyallen tacewa, aka sake ɗagawa, babu ko ɗaya. Gani ya kori ji. Ba gilashi kaɗai ya kori kurkunu ba, an yi rabon matata, an zuba magani a dam, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an hana mai ciwo shiga ruwa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da kansa ya zo Savelugu a 2007 lokacin da cutar ta sake ɓarkewa, kamar yadda Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Gana an same shi a Diare a watan Mayun 2010, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi.

A nan sai na ja kunne, don na san halinmu. Kada wani ya ɗauki madubin aljihu ya leƙa randa ya ce ruwan nan lafiya lau. Ƙwarin kurkunu manya ne a duniyar ƙananan halittu. Ƙwayar taifot da ta kwalara, da ta zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, sai madubin asibiti mai ƙara girma har sau 1,000, da wanda ya koyi aikin.

To, ga wanda ya buɗe gwangwanin ya samu, ko yake sha'awar fara tarawa, yaya zai san tsoho daga sabo? Fara da rubutun da ke jiki. In ka ga West Germany, tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi, domin a tsakanin nan ne kawai aka yi ƙasa mai wannan suna. USSR bai wuce 1991 ba. Occupied Japan na shekarun da Amurka ke riƙe da Japan ne bayan yaƙin duniya na biyu, bai wuce 1952 ba. Rubuta sunan ƙasa a jikin kaya ma ya yaɗu ne bayan wata doka da Ingila ta yi a 1887, saboda haka wanda babu sunan ƙasa, sai sunan maƙeri da garinsa a zane da hannu, yana iya fin sauran tsufa. Sunaye irin su Carl Zeiss Jena, da Leitz Wetzlar, da Bausch & Lomb na Amurka, gidaje ne na gaske da suka fara tun ƙarni na 19, gilashinsu har yau garau yake. Duba kusoshin ma. Kusa mai kan gicciye ba ta yaɗu ba sai a shekarun 1930, in ka gan ta a jikin abin da aka ce maka na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, ka yi murmushi kawai. Ka ɗan taɓa gilashin a haƙori: na gaske sanyi gare shi da ƙara, na roba shiru.

Jabun tsoho kuwa ya cika duniya, har a shagunan masu sayar wa Turawa 'yan yawon buɗe ido. Za ka ga tagulla tana walƙiya, ko an shafa mata baƙi don ta yi kama da tsohuwa, a cikin akwatin katako mai kyau, an rubuta Kelvin & Hughes London 1917. Kamfani mai wannan suna bai wanzu ba sai 1947. Sababbi ne, ana ƙera su da yawa don ado, galibi a Indiya. Ba laifi ka saya ka ajiye a falo in a kuɗin ado aka sayar maka.

Maganar kuɗi, gara in faɗa muku gaskiya kada wani ya fasa adakar kakarsa da daren nan. A 2009 an yi gwanjon ɗaya daga cikin madubin Lewanhuk na azurfa a Landan a kan sama da fam 300,000. A ƙarshen 2014 kuma wani ya fito a cikin laka da aka yaso daga magudanan ruwan Delft, aka sa shi a kasuwar eBay ba tare da mai shi ya san abin da ya riƙe ba. Irin wannan labarin ne ke sa mutum mafarki. Amma namu na ƙirga zare da na gyaran agogo an yi su dubbai, kuɗinsu a kasuwar masu tarawa ba zai sai maka babur ba. Ya dai fi abin da sikeli zai ba ka sau da yawa, kuma yana aiki har gobe. Ni ƙa'idata ɗaya: ba na taɓa jari saboda shi. Abin da zan kashe a shayi da tsire na wata ne nake karkatarwa, in ya fi haka na bar shi.

Akwai kuma haƙƙi a ciki, wanda masu sha'awa irina ba su cika son a tayar ba. Abin da ke cikin gwangwanin nan dukiyar magada ce, ko da ba su san shi ba. Wani tsohon mai gyaran agogo a bakin babbar kasuwa, wanda idonsa ya raunana ya daina aiki, ya taɓa miƙo mini nasa na ido, na Jamus, ya ce, “Ɗana, ɗauki, ba ni na koko kawai.” Na ce, “Baba, wannan ya fi kuɗin koko, bari in faɗa maka abin da na san ana sayensa, sannan ka yanke.” Ya yi dariya ya ce ashe shekara 40 yana saka dukiya a ido bai sani ba. Da ya ji kuɗin sai ya fasa sayarwa, ya ce jikansa da ke koyon gyaran waya zai ba. Raina ya so abin ƙwarai, amma inda ya tafi ya fi akwatina, don masu gyaran waya su ne magadan masu gyaran agogo. Wanda ya je gidan marayu ko wurin gwauruwa ya karɓi irin wannan a kuɗin gwangwan alhali ya san darajarsa, bai fi mai GP ɗin nan ba.

Masu ƙetare iyaka, ku lura da marfi ko mariƙin da ya yi fari kamar ƙashi. Wasu tsofaffin da hauren giwa aka yi su, wasu da ƙoƙon kunkurun teku. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, jami'in kwastan a Paga ko Aflao ko filin jirgi kuma ba zai tsaya jin tarihin kakanka ba. Irin wannan a bar shi a gida.

Ajiya ba ta da wuya, amma yanayinmu na nan yana da nasa sharri. Da hunturu ƙura ce, kuma ƙurar nan yashi ce. In ka goge gilashi da bakin riga ka kankare shi ke nan. Hure shi tukuna, sannan ka shafa da tsohon ƙyallen auduga mai laushi, wankakke. Da damina kuma fumfuna ce, tana shiga tsakanin gilasai ta yi kamar yanar gizo-gizo, in ta daɗe tana cin gilashin. Kada a rufe shi a leda. A sa shi a gwangwani da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a dinga fito da shi yana shan iska. Masu kyau gilashi biyu ko uku ne aka manne da wani irin ƙaro, zafin Tamale na watan Maris a gaban mota yana iya narka shi su rabu. Sannan ina roƙon iyayenmu mata, kada a sa masa toka da lemun tsami. Na san ba kwa son ganin tagulla ta dushe, amma wannan dushewar ita ce shaidar shekarunsa, mai saye yana ganin an goge ta zai rage kuɗi. Kada kuma a bar shi a buɗe inda rana ke faɗowa. Gilashin da ke tara haske ya ƙona takarda a hannun yaro zai iya yi wa bandir ɗin shadda haka a shago.

Yara kam a ba su, amma a zauna tare da su. Na ware guda biyu marasa tsada saboda su. Gishiri da sukari a ido ɗaya suke, a gilashi kuwa gishirin kanti 'yan akwatuna ne masu kusurwa huɗu, sukari kuma wani fasali daban. Fuskar waya da ke nuna fari, in ka duba, ɗigo ne ja da kore da shuɗi a jere. Fatar albasa, ƙafar tururuwa, fiffiken sauro, bakin allura da muke ce wa tsini. Autata ta duba ƙasan farcenta sau ɗaya kafin cin tuwo, tun daga ranar ba a sake yi mata faɗan wanke hannu ba. In aka manna gilashin a kan kyamarar waya aka matso da abu, ana iya ɗaukar hoto, da haka nake tura wa abokin cinikina na Kantin Kwari hoton saƙar yadi kafin ya loda. Akwai ma wani na takarda da ake naɗewa, Foldscope, wanda wani malami ɗan Indiya, Manu Prakash, ya fito da shi a jami'ar Stanford a 2014, da ƙwayar gilashi ɗaya tak irin ta Lewanhuk, kuɗin haɗa shi bai kai dala ɗaya ba. An taɓa gwada shi a nan Gana wajen neman ƙwan tsargiya a fitsari.

Wanda ya samu wani a gida yana son sanin ko na yaushe ne, ya ɗauki hotonsa a buɗe da kuma a naɗe, ya ɗauki rubutun da ke jiki kusa-kusa da rana, ya ajiye kwabo ko ashana a gefe don a gane girmansa, ya aiko ta hannun editan mujalla. Zan amsa waɗanda na gane a wannan fili, bayan mun gama da sidi da sefa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.